Ruwan da Ya Kwanta a Gidan Magini

Duk gidan da ka shiga a ƙauyenmu da damina ka tarar tsakar gida a bushe, ba sai ka tambaya ba, hannun Ngadiman ya taɓa wurin. Magini ne, amma ba a jera bulo ya yi suna ba, don akwai waɗanda suka fi shi sauri nesa ba kusa ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne sanin hanyar ruwa. Sauran magina sai sun ɗauko doguwar tiyo sun cika ta da ruwa suna auna gangare, wannan ya riƙe nan, wancan ya riƙe can, ana ta ihu. Shi kuwa sai ya tsaya ya runtse ido ɗaya, sigarinsa mai ƙanshin kanumfari a gefen baki, ya nuna da babban yatsan ƙafa ya ce, "Ta nan yake son fita." In an auna a tarar haka ɗin ne. Ido ba mudu ba amma ya san ƙima, kuma saboda wannan ido nasa har daga cikin garin Pekalongan ake aiko babur a ɗauke shi.

Sai ga shi gidan da ruwa ya fi kwanciya a duk layinmu gidansa ne. Damina tara ana haka.

Da can ba haka gidan yake ba. Lokacin da ya auri Sutarmi, wadda kowa ke kira Bu Tarmi, wato Inna Tarmi, bayan gidan gonar shinkafa ce. Ruwa ya sauko daga rufi, ya bi gangare, ya faɗa gona, babu wanda ya san ma yana wucewa. Daga baya aka sayar da gonar, aka cike ta da ƙasa, aka gina ƙaton ɗakin ajiyar kaya, katangarsa ta toshe bayan gidan ruf. Ruwa ya zo inda ya saba fita ya tarar an rufe, sai ya dawo ya yi zamansa a tsakar gida. Hanya ɗaya tak ta rage masa: ya bi ta hagun ƙofar ɗaki, ya ratsa ƙarƙashin shinge, ya faɗa kwatar bakin titi. Taku goma sha biyu ne gaba ɗaya, aikin rabin yini.

Ngadiman ya ga wannan tun ranar farko. Ya tsaya ya runtse ido, ya ga inda ruwan yake son fita, sai gabansa ya faɗi.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, ita ma sai bayan shekara bakwai da aure. Winarsih sunanta, ana ce mata Narsih. Ranar da aka haife ta, ungozomar ƙauyen, Mbah Poniyem, wato Kaka Poniyem, ta fito daga ɗaki da sabuwar tukunyar ƙasa a rufe, naɗe da farin ƙyalle. Mabiyiya ce a ciki, da allura da zare da guntun fensir, kamar yadda aka saba. Ngadiman ya yi wanka, ya sa kayansa na Juma'a da hula, ya haƙa rami a hagun ƙofa, tunda mace hagu ce namiji dama, ya binne tukunyar da hannunsa. Ya kifa kwando a wurin, ya yi ta kunna mata fitila har kwana talatin da biyar. A wurinmu mabiyiya ƙanwar jariri ce, tare suka zo duniya. Tsofaffi suna cewa inda aka binne ta, nan zuciyar yaro take komawa komai nisan tafiya. Wanda kuwa aka sakar wa tasa a kogi, ƙafarsa ba za ta zauna wuri ɗaya ba. Haka nan in aka tone ta, an tsinka igiyar.

Narsih tana da shekara ashirin da biyu ta tafi Taiwan aikin kula da tsofaffi. Ta ce shekara uku za ta yi. Ba ta cika biyu ba aka gina katangar nan. To ka ji abin da Ngadiman yake gani a hagun ƙofarsa: in ya sa diga a wurin, 'yarsa ba za ta dawo ba.

Bai faɗa wa kowa ba. Da wane ido? Mutumin da ba ya rasa sahun gaba, wanda ranar da liman ya yi huɗuba a kan camfi ya fi kowa gyaɗa kai. Ga kuma halinmu na nan, da ba mu iya faɗin abu kai tsaye ba. Sai mu kewaya, mu yi murmushi, mu ce ba komai, mu bar mutum ya gane da kansa. Muna alfahari da wannan kawaici, muna cewa shi ne ladabi. Ni dai na ga irin ɓarnar da yake yi, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Maimakon ya haƙa taku goma sha biyun nan, sai ya shiga dabaru. Damina ta farko ya zuba tsakuwa baro ashirin, ruwa ya hau bisa tsakuwar ya kwanta. Ta biyu ya haƙa rami mai zurfi a tsakiyar gida, ya cika shi da fasassun bulo da ɓawon kwakwa wai ƙasa ta shanye ruwan. Ya fi kowa sanin cewa ƙasarmu ta bakin teku ce, kamu biyu za ka haƙa ka tarar da ruwa. Ramin ya cika daga ƙasa tun kafin sama ta ba shi nata, kwaɗi suka samu gida. Ta uku ya karkatar da gangaren wajen shingen maƙwabcinsa Dalijo, mai gyaran keke, ruwa ya shiga akurkin kajin mutumin.

Dalijo bai zo da faɗa ba. Da farantin soyayyen rogo ya zo, ya zauna a dakali, ya yi ta yabon yanayi. Sai da suka kusa cinye rogon ya kira shi da Kang, wato yaya, ya ce, "Kang Ngadiman, kajina fa sun fara koyon iyo. Nake cewa ko in sayar da su in sayi agwagi?"

Ngadiman ya gane. Washegari ya mayar da ƙasar yadda take.

Amma bakin Dalijo bai mutu ba, tunda tare suka taso. Duk damina sai ya leƙo ta saman shinge.

"Sarkin ruwa, barka da hutawa! Yaushe za a saya wa Bu Tarmi kwalekwale?"

"Ka ji da facin tayarka."

"Ni dai in zuba maka 'ya'yan tarwaɗa a ramin nan, in sun girma mu raba. Kai, tsakani da Allah, Kang, ta hagun ƙofar nan fa ruwan yake nema. Ni mai facin taya ma na gani."

"Harsashin ɗaki ne a wurin. In aka taɓa, bango zai zauna."

"Au, harsashi?"

"Ka taɓa gini ne?"

Dalijo bai taɓa ba. Amma maganar harsashin ƙarya ce tsagwaronta, shi Ngadiman ɗin ne ya zuba harsashin, ya san bai kai nan ba. A ƙarshe abin da ya yi shi ne ya jera bulo ya ɗora katako, ya yi 'yar gada daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa madafa.

Wadda take bin gadar nan Bu Tarmi ce. Sana'arta yin tempe, wani curin wake da muke soyawa, kuma duk wanda ya san tempe ya san aikin ruwa ne: a jiƙa waken suya, a dafa, a murje ɓawon, a wanke, a sake wankewa, kafin a naɗe a ganyen ayaba. Sau ashirin a yini tana tsallaka tsakar gidan nan da ƙaton baho a ƙugu. Tsakanin yatsun ƙafarta ya yi fari ya tsattsage. Sauro kuwa ba a magana, sau biyu zazzaɓi yana kwantar da ita. Ngadiman yana gani. Ba mugu ba ne, yana son matarsa, shi yake sayo mata man shafawa a ƙafa, shi yake kankare gansakukar da take kama katakon. Duk abin da mutum zai yi ya yi, ban da abu ɗayan nan da ya kamata.

Ita kuma sau ɗaya a shekara take tada maganar, shi ma a kaikaice. Pak take ce masa, wato maigida.

"Pak, bana ma ruwa da yawa."

"Da yawa kam, Bu."

"Katakon nan ya fara santsi."

"Zan kankare shi gobe."

Sau ɗaya ne ta kusa fitowa fili. Suna shan shayi bayan la'asar, ruwa ya kai rabin bulo, ta ce, "Pak, da za a bi da shi ta gaba..." Ya ɗago ya dube ta. Ta sunkuyar da kai, ta juya kofin a hannunta, ta ce, "Ko da yake kai ka san aikinka." Ngadiman ya ɗauki shirun nan a matsayin yarda. Ya ce a ransa ita ma ta san abin da ke wurin, ita ma tana tsaron 'yarta, gara ta taka ruwa da ta rasa Narsih. Har godiya ya yi mata a zuci.

Kowace Lahadi Narsih tana kiran Bapak ɗinta, wato babanta, a waya. In aka juya wayar ta hango tsakar gida sai ta ce, "Bapak, har yanzu tafkin nan yana nan? Wallahi kunya nake ji, a ce gidan magini ne."

"Ki dawo ki gani da idonki mana, Nduk," in ji shi, don haka yake kiranta tun tana goye.

"Baɗi in Allah ya so."

Baɗin nan ta yi ta zuwa tana wucewa, uku ta zama shida, shida ta zama goma sha ɗaya. Duk ranar da suka gama waya sai ya fita ya tsaya a hagun ƙofa, ruwa har idon sawu, ya yi jim, sannan ya dawo.

A damina ta tara aka kwana uku ana ruwa. Ranar da aka ɗauke, da safe, aka zo da babur aka tafi da Ngadiman wani ƙauye ya duba harabar masallacinsu da ruwa yake kwanciya. Yana can yana nuna wa mutane hanyar ruwa da yatsan ƙafa, Bu Tarmi ta ɗauko bahon wake daga rijiya. Bulo ɗaya ya nutse cikin laka, katakon ya karkace, ta zame. Matar Dalijo ce ta ji ƙarar bahon ta zagayo a guje, ta same ta kwance cikin ruwa, wake ya watse ko'ina, ta kasa ko motsi. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka kai ta asibitin gari aka yi aiki, amma ga shekaru ga ciwon suga, ƙashin ya ƙi kamawa yadda ake so. Likita ya ce za ta iya zama, tafiya kuwa sai abin da Allah ya yi.

Kwana shida da faɗuwar, Narsih ta sauka a ƙofar gida da akwati ɗaya. Abin da Ngadiman ya shekara goma sha ɗaya yana jira ya zo, sai dai bai iya ko murmushi ba. Ta tafi asibiti ta zauna da uwarta har aka sallame su. Ranar da aka dawo da Bu Tarmi, mutum huɗu suka ɗauke ta a kujera suka tsallaka da ita cikin ruwan. Da aka kwantar da ita, Narsih ta fito ta sami ubanta a dakali.

"Bapak, ina digar?"

"Me za ki yi da diga?"

"In ba za ka haƙa ba ni zan haƙa. Na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaga tsofaffin mutane, hannuna ya yi ƙarfi."

Yarinyar da yake tsoron kada ta ƙi dawowa ga ta tsaye a gabansa.

Da gari ya waye ya kafa turaku biyu ya ja igiya daga hagun ƙofa zuwa shinge. Ya fara daga bakin titi yana tahowa, yana jinkiri kamar mai zuwa karɓar hukunci. Da ya iso wurin sai ya ajiye diga ya durƙusa ya ci gaba da hannu. Niyyarsa ya ciro tukunyar a hankali, ya ba ta haƙuri, ya mayar da ita wuri mai tudu. Kamu ɗaya da rabi yatsunsa suka taɓa ta. Ƙyallen ya ruɓe tuntuni, amma tukunyar tana nan lafiya lau. Da ya ɗago ta sai ya ji nauyinta ya wuce yadda ya zata. Murfin ya zame. A ciki akwai laka, da allura da ta yi tsatsa, da guntun fensir, sai kuma wani sumul ɗin dutsen kogi mai girman mangwaro.

Ya daɗe a durƙushe yana juya dutsen. Shi da kansa ya binne tukunyar nan, babu wanda ya taɓa tone ta. Ke nan tun ranar haihuwa dutsen yake ciki. Ya wanke shi a ruwan da ke kwance, ya shiga ɗaki da laka har gwiwa. Bu Tarmi tana kwance a gadon gora kusa da taga. Ta dubi hannunsa, ta daɗe tana duba.

"Ka same shi," in ji ta.

"Mene ne wannan, Bu?"

"Dutse ne, Pak."

"Na ga dutse ne. Ina ƙanwar Narsih?"

"Tana teku tun tuni. Ni na roƙi Mbah Poniyem, Allah ya ji ƙanta. Kana can kana wanka kana neman hularka, ta sa wannan a tukunya don ka ji nauyi. Mabiyiyar kuwa ta kai ta kogi ta saki."

Ngadiman ya zauna a bakin gado. "Don me?"

"Uwata a bakin rijiya tana wankin wake ta tsufa, ko tashar jirgin ƙasa ba ta taɓa gani ba. Ni ma ga ni. Da na ji kukan yarinyar aka ce mace ce, sai na ce wannan kam ba za ta ƙare a bahon wake ba. Ta tafi ta ga duniya." Ta goge ido da gefen zani. "Ban san za ta daɗe haka ba."

"Damina tara, Bu. Kin san abin da nake tsaro?"

"Tun damina ta farko na sani. Harsashi! Ni na yi ta miƙo maka ruwa ranar da ka zuba harsashin nan."

"Kika yi shiru?"

"Kai ka faɗa ne? Kowace Lahadi in ka ajiye waya ina ganinka ta tagar nan kana tsaye cikin ruwa. Da wane baki zan ce maka ni na sallame ta? Na ce ai ruwa ne kawai, zan iya da shi."

"Ni kuma na zaci kina tare da ni."

"Ina tare da kai mana. Wa yake bin katakon?"

Wannan maganar ce ta karya shi. Ya kifa fuska a tafin hannu mai laka ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar mutuwar uwarsa. Bu Tarmi ta bar shi ya yi. Can ta miƙa hannu ta taɓa gwiwarsa, ta ɗan yi dariya cikin hawaye.

"Magini guda, ka yi wa dutse fitila kwana talatin da biyar."

"Har da addu'a nake yi masa," in ji shi.

Ya koma ya ƙarasa aikin. Ya daidaita gangaren, ya jera bulo gefe da gefe, ya shafe da siminti, ya huda rariya a ƙarƙashin shinge ya sa mata raga saboda shara. Kafin a kira azahar ya gama. Dalijo ya leƙo ta saman shinge da zolaya a bakinsa, ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye ta ya koma wajen kekunansa.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ngadiman ya tsaya a ƙofa yana kallo. Kafin shayin da Narsih ta zuba masa ya huce, tsakar gida ta tsane.

"Pak," Bu Tarmi ta kira daga ɗaki, "ina jin ƙararsa. Ya tafi?"

"Ya tafi, Bu."

"Duka?"

"Duka."

"Ku ɗaga ni in gani."

Shi da Narsih suka tallafe ta zuwa taga. Ta dubi ƙasar da rabonta da ganinta da damina shekara tara ke nan, ta ce, "Ashe haka yake da sauƙi." Sannan ta ce a mayar da ita.

Yau shekara uku ke nan. Ngadiman ya tsufa lokaci ɗaya, amma har yanzu ana zuwa ɗaukarsa da babur. Abin da ya sauya shi ne, in ya nuna inda ruwa yake son fita ya ga maigida ya fara kame-kame, ba ya yin kawaici. Sai ya ja shi gefe ya ce, "Me ka binne a nan? Faɗa mini, ka kuma faɗa wa matarka yau." Wasu suna jin haushinsa, suna cewa tsufa ya rage masa ladabi.

Tsakar gidansa ta fi ta kowa bushewa a layinmu, Bu Tarmi kuwa ba ta taɓa taka ta ba. Dutsen yana bakin tagarta, da shi ake tokare marfin in ana iska. Narsih ba ta koma Taiwan ba, don babu mai ɗaga uwarta in ta tafi, kuma tunda dole a ci abinci, ta karɓi sana'ar gidan. Kowace safiya tana bakin rijiya da bahon nan, tana murje wake. Ngadiman yana zaune a dakali yana kallon 'yarsa da ta dawo gida kamar yadda ya roƙa. A cikin ɗaki kuwa, da zarar Bu Tarmi ta ji ƙarar guga ta faɗa rijiya, sai ta juya fuskarta wajen bango.